Katunan Masu Hagu da Na Kai Aka Ƙona

A shekarar 1987, lokacin da aka kawo ni gidan miji a Kafanchan, ni yarinya ce 'yar shekara ashirin da ɗaya daga wani ƙauye kusa da Fadan Kaje. Na yi sakandare har aji uku, na iya keken ɗinki, kuma ina da baki. Wannan na ƙarshen shi aka fi sanina da shi. In an faɗa mini ɗaya sai na rama da uku, in kuwa aka kunyata ni a gaban mutane, to zan iya riƙe abin shekara guda ina dafa shi a ciki. Ban da haka ni mai zuwa majami'a ce ba fashi, ina cikin mawaƙa, daga baya na shiga zumuntar mata, kuma a ganina a lokacin babu wanda ya kai ni tsoron Allah a layinmu. Edita, ina rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cina. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

Mijina malamin firamare ne, an tura shi wajen Samaru Kataf, sai ranar Juma'a yake dawowa ya koma Litinin da safe. Saboda haka mafi yawan kwanaki daga ni sai mahaifinsa a gidan, wanda nake kira Baba kamar yadda kowa ke kiransa. Matarsa ta riga ta rasu. Shi tsohon makanikin kan jirgin ƙasa ne a loko, wato wurin gyaran jiragen reluwe, ya yi ritaya, ya gina ɗan gidansa ba nisa da kwatas ɗin reluwe. Dattijon ikilisiya ne, kuma shekara fiye da ashirin yana cikin masu zagawa da tiren gurasa da ƙananan kofuna ranar jibin Ubangiji. Wannan aikin ya fi masa komai a duniya. Ranar Asabar kafin jibi da kansa yake wanke farar rigarsa, ya sa gawayi a dutsen guga, ba ya yarda in taɓa masa. Baba bahago ne. Rubutu, fartanya, sufana, duk da hagu yake yi. Amma cin abinci da gaisawa da riƙe tire da dama yake yi, domin waɗannan da bulala aka koya masa su.

Ban fi wata guda a gidan ba ya kira ni wata rana da yamma, ya shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro, ya fito da wani tsohon gwangwanin biskit. Cikinsa katuna ne sun haura ɗari, kowanne bai kai tafin hannu ba, an ɗaure su kashi-kashi da zare. A kan kowanne akwai hoton namiji, wasu Turawa wasu baƙaƙe, sanye da hula mai baki, wani ya ɗaga kulki, wani yana shirin jifa. Ya ce 'yan wasan wata ƙwallo ce ta Amurkawa da ake kira besbol, ana jefo 'yar ƙaramar ƙwallo a doke ta da kulki. Ya ce in duba da kyau, duk wanda na ga ya sa babbar safar fata a hannun dama, to da hagu yake jifa, kuma a gwangwanin nan kaf babu na dama ko ɗaya. Sannan ya ba ni asalin abin. Yana yaro a makarantar mishan, malaminsu ya ɗaure masa hannun hagu a jikin benci da igiya har wuyan hannun ya kumbura. Wani Bature ɗan mishan ya shigo ya gani, ya kwance shi, washegari ya kawo masa kati guda, ya ce a ƙasarsu irin wannan hannun nemansa ake yi. Bayan Baturen ya koma gida, duk Kirsimeti sai ya aiko masa da kati biyu ko uku cikin wasiƙa, shekara da shekaru, har ya mutu wasiƙun suka tsaya. Wasiƙun ma suna ƙasan gwangwanin. Baba ya juya mini bayan wani katin, na karanta da idona: sunan mutum, garinsu, tsawonsa, da lambobin wasannin da ya buga. Na ce masa abin ya yi kyau. A zuciyata kuwa dariya nake yi, tsoho da furfura yana wasa da hotuna.

Na faɗi wannan dalla-dalla ne don kada mai karatu ya yi mini uzurin da ban cancanta ba. Na san abin da ke cikin gwangwanin nan tun farko.

Shekara ta zagayo na haifi 'ya mace. Da ta fara kai hannu kwano, sai na lura hagu take miƙawa. A wurinmu kuwa wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne ga uwa. Yaron da ya miƙa wa babba abu da hagu, ba shi ake zagi ba, uwarsa ake tambaya. Na shiga buge hannun, in ta miƙa in make, ta yi kuka, in sa mata cokali a dama. Baba yana gani yana kau da kai, har wata ranar Lahadi da matan zumunta huɗu suka biyo ni gida cin faten acca. Yarinyar ta kai hagu, na ɗauki muciya na ƙwale ta a kan yatsu, da ɗan ƙarfi kam. Baba ya taso daga kujerarsa, ya ɗauke ta, ya ce mini a gabansu hannun da Allah ya ba ta ba nawa ba ne da zan karya, kuma muddin yana numfashi ba za a sake dukan yaro a kan hagu a gidansa ba. Bai ɗaga murya ba, amma matan nan duk suka sunkuyar da kai, ɗaya tana danne dariya. Tun daga ranar ya riƙa zaunar da ita a cinyarsa yana nuna mata katunan, tana tafi tana kiransu 'yan Kaka. Ni kuwa ina daga bakin keke ina kallonsu, raina yana tafasa.

A daminar 1990 zazzaɓi ya kama yarinyar, kwana biyu ya kai ta har da jijjiga, idanunta suka juye. Muka kwashe ta sai asibiti, aka ba mu gado, aka ce jininta ya yi ƙasa. Mijina ya zo ya kwana biyu, dole ya koma saboda jarrabawar yara. Baba ne ya riƙa hawa kekensa cikin ruwan sama yana bin kemis-kemis neman allurar da aka rubuta. A kwana na huɗu, yarinya ba ta ko buɗe ido, wata maƙwabciyarmu, ɗaya daga cikin matan da suka ci faten nan, ta ja ni gefe ta ce wannan ciwon ba na asibiti kaɗai ba ne, in zo ta kai ni wurin wata mata mai addu'a a bayan kasuwa. A shekarun nan maganar ƙungiyar asiri ta cika gari. Yaro ba ya mutuwa haka kawai, sai an ce wani a dangi ne ya ba da shi. Na bar ƙanwata da ta zo taya ni jinya a bakin gado, na bi maƙwabciyar. Matar ta riƙe hannuwana ta yi addu'a har ta yi gumi, sannan ta fara tambaya: ko akwai tsoho a gidan, ko yana da wani abin da yake ɓoyewa ba ya son a taɓa, ko yana yawan jan yarinyar a jiki. Ni ce na amsa mata duka, ni ce kuma na ƙara da cewa akwai wani gwangwani. Ba ta san da shi ba sai da na faɗa. Ta ce in kawo shi kafin rana ta faɗi in har ina son 'yata.

Na san inda yake, ƙarƙashin gadonsa, bayan akwatin kayan aiki. Na san kuma Baba ya tafi wani kemis can hanyar tasha. Na shiga ɗakin surukina, abin da ban taɓa yi ba sai da sallama, na naɗe gwangwanin a zane na fita. A tsakar gidan matar, da rana tsaka, ita da maƙwabciyata da wasu mata biyu, aka zazzage katunan a ƙasa. Matar ta ɗauki ɗaya ta yi baya kamar ta taɓa wuta. Ta ce mu duba, duk maza ne riƙe da kulake, kuma duk da hagu, hannun da ake miƙa wa iskoki hadaya. Ta ce waɗannan su ne 'yan ƙungiyarsa na ƙetare. Ta juya bayan katin ta ga lambobi, ita ba ta yi boko ba, ta ce wannan adadin rayukan da kowannensu ya ci ne. A nan ne ya kamata in buɗe bakin nan nawa da ba ya rufuwa. Ni kaɗai ce a wurin na iya karanta abin da ke rubuce. Tsoro yana cikina, gaskiya ne, uwar da 'yarta ke kwance ba ta cikin hankalinta duka. Amma ba tsoro kaɗai ba ne. Akwai wani ɓangare na zuciyata da ya ji daɗi, ya ce yau ga wanda ya kunyata ni an kama shi. Na yi shiru. Aka zuba kananzir, aka haɗa da wasiƙun, muna waƙa aka cinna ashana. Ban taɓa sanin takarda tana saurin ci haka ba. Matan suka yi mini alkawari ba wanda zai ji cewa ni na kawo.

Da na koma asibiti na tarar Baba ya samo allurar, rigarsa sharkaf, yana zaune a benci yana jiran nas. Aka yi mata, aka ƙara mata jini. Bayan kwana biyu yarinya ta buɗe ido ta nemi koko. Ka ga inda abin ya ɗaure ni ke nan, domin warkewar da na roƙi Allah ita ce ta zama shaidar da ta kashe Baba. Kafin a sallame mu labari ya gama unguwa: an ƙona kayan asirin dattijo, jikarsa ta tashi. Ba a ambaci sunana ba, an ce Ruhu ne ya nuna wa mai addu'a. Daga bakin famfo zuwa kasuwa katuna suka zama gumaka, kulake suka zama ƙasusuwan mutane, har aka tuno cewa matarsa ma ciwon kwana uku ta yi. Masu sayar da ƙosai suka daina karɓar kuɗi daga hannunsa, sai ya ajiye a kan tebur. Shi kuwa ranar da muka dawo gida ya shiga ɗakinsa, na ji yana jan akwati, ya daɗe, sannan ya fito ya zauna a ƙarƙashin mangwaro. Na kai masa tuwo, ya ce na gode 'yata, kamar kullum.

Fastonmu mutum ne mai hankali, ya yi karatu, bai yarda da maganar ba. Ya tara dattawa, aka kira Baba, ya ce masa abu mai sauƙi ne, ya kawo sauran katunan in akwai, kowa ya gani, gani ya kori ji. Baba ya ce babu su. Aka ce to wasiƙun Baturen fa, ko adireshin iyalinsa a rubuta musu. Ya ce duk suna cikin gwangwanin. Aka tambaye shi wa ya ɗauka, ya ce bai ga kowa da idonsa ba, kuma ba zai ɗora wa wani abin da bai gani ba. Wasu dattawan suka ce ruwa ba ya tsami banza. Duk da haka fasto ya tsaya kai da fata ya ce ba zai sa mutum a horo, ya dakatar da shi daga hidima, a kan jita-jita ba. Ranar jibi ta zo, Baba ya sa farar rigarsa, ya ɗauki tire ya nufi layin da ya saba bi. Benci na farko, mace ta farko ta naɗe hannuwanta a ƙirji. Ta biyu ma haka. Ya tsaya kaɗan, ya matsa benci na gaba, mutane suka riƙa kallon ƙasa. Ina cikin mawaƙa ina hango shi. Ya bi layin nan har ƙarshe, mutum uku ne kawai suka karɓa. Ya mayar da tiren kan tebur, ya rufe da farin ƙyalle yadda ake yi, ya je ya zauna a bencin baya inda masu horo ke zama, ba wanda ya ce ya je can. Ni kuma ina tsaye ina rera waƙa, bakina yana motsi.

Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a fili, wani tsohon abokin aikinsa Inyamuri da suka yi shekaru tare a loko, yana da shagon kayan keke a bakin titi. Ya je har gidan fasto ya ce shi ya san katunan nan tun suna samari, ya sha ganinsu, wasa ne kawai. Aka ce ai shi ɗan wata ɗarika ne, kuma abokin ɓarawo ɓarawo ne. Wata rana na zo wucewa ya kira ni cikin shagon. Da Hausarsa ta 'yan reluwe, wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce mini shi bai ce ni na ɗauka ba, amma gidan mutum uku ne, ɗaya yana makaranta, ɗaya yana kan keke neman magani. Ya ce ni na yi boko, in je in faɗa wa mutane abin da na karanta a bayan katin, magana ta ƙare. Maimakon in ji kunya sai na hau shi da masifa, na ce ya bar shiga sha'anin gidan da ba nasa ba, ya ji da tayoyinsa. Ya dube ni kawai ya ce Allah yana gani. Na fita ina huci.

Bayan girbi Baba ya ce zai koma ƙauyensu wajen Zangon Kataf ya riƙa noman citta. Mijina ya yi ta roƙonsa, ya ƙi. Da safen da zai tafi, mijina ya fita neman mota, Baba ya kira ni inuwar mangwaro. Ya ce ya san ni ce, tun ranar, domin na bar ɗankwalina a bayan akwatinsa, ya miƙo mini shi a ninke. Na durƙusa zan fara kuka ya ce in tashi, ba kuka ya kira ni ba. Ya ce katunan sun tafi, ya yi baƙin cikinsu ya gama, kuma uwar da ta ga 'yarta tana mutuwa in ta jefa gidan duka a wuta ba zai riƙe ta ba. Abu ɗaya yake roƙona. In je wurin fasto, ko in tsaya gaban ikilisiya, in ce na taɓa karanta katunan kuma na san na wasa ne. Ya ce ko ban faɗi wanda ya ɗauka ba ya isa. Ya ce shi ba ya son ya mutu a bar wa ɗansa da jikarsa wannan sunan, kuma yana marmarin ya sake riƙe tire ko sau ɗaya. Na yi masa alkawari da bakina cewa Lahadi mai zuwa zan yi.

Lahadin ta zo, na tashi da niyya, na shiga majami'a na ga matan nan da aka ƙona katunan a gabansu a jere, sai na fasa. Na san in na ce wasa ne za su ce to me ya sa na kawo, daga nan mijina zai ji. Kuma a lokacin an riga an ɗaga ni. An sa na ba da shaidar warkewar 'yata a taron zumunta, mata suna share hawaye, ba a daɗe ba aka zaɓe ni magatakarda. Mai bakin da ake gudu ta zama wadda ake kawo wa matsala a nemi shawara. Na ce bari Kirsimeti ya wuce. Kirsimeti ya wuce na ce bari Ista. Na sake samun ciki na ce bari in haihu. Duk wata biyu ko uku mukan je ƙauye mu kai masa sabulu da gishiri, mu tarar labarin ya riga shi isa can. Yana zaune shi kaɗai a ƙofar ɗaki, yaran dangi an hana su cin abin hannunsa, majami'ar ƙauyen ma a bakin ƙofa yake zama. In zan tafi sai ya rako ni har bakin hanya, yana tambayar ɗinki da lafiyar yara, a ƙarshe ya ce yaya maganarmu. In ce ina sane, Baba. Ya ce to, Allah ya ba da iko. A zuwanmu na ƙarshe bai tambaya ba, kuma wallahi daɗi na ji a lokacin, na ɗauka ya manta.

Ya rasu a farkon 1993, bayan gajeren ciwon ƙirji. Mutumin da ya yi wa ikilisiya hidima fiye da shekara ashirin, motar mutanen da ta zo daga Kafanchan ko cika ba ta yi ba. Mawaƙa suka ce suna da wani taro. Fasto ya zo, tsohon abokinsa mai shagon keke ya zo, shi ne ma ya kama gefen akwatin da aka rasa mai kamawa. Bayan kwana uku, muna zaune da mijina a ɗakin Baba muna haɗa 'yan kayansa, na kasa riƙewa, na faɗa masa komai. Na zaci zai mare ni ko ya ce in tattara in tafi gidanmu, kuma da ya yi hakan da ya fi mini sauƙi. Ya ci gaba da ninke wando, ya ce ya daɗe da zargin haka. Ya ce ya taɓa gaya wa Baba zai tsare ni da tambaya, Baba ya hana shi, ya ce kada ya kashe aurensa a kan takardu, ya bar ni zan faɗa da kaina, ni yarinyar kirki ce, tsoro ne kawai. Mijina ya ce shi ma jiran nan ya yi kusan shekara uku. Bai sake ni ba, muna tare har yau, amma akwai wata irin dariya da yake yi da ni a da wadda ban sake ji ba.

Lahadi ta biyu bayan mun dawo na nemi izinin fasto, na tsaya gaban ikilisiya. Na faɗi duka: yadda Baba ya nuna mini katunan, abin da na karanta a bayansu, haushin da na riƙe, yadda na shiga ɗakinsa, da yadda na yi shiru aka ƙona. Na ce allurar da ya samo cikin ruwan sama da jinin da aka ƙara su ne Allah ya yi amfani da su. Na ce surukina bai taɓa sanin wata ƙungiya ba, ni ce na yi masa ƙazafi da shiruna. Na sauko ina jiran a tofa mini yawu, na shirya wa hakan. Da aka tashi sai mata suka kewaye ni a waje. Maƙwabciyar nan tawa ta rungume ni tana kuka, ta ce ba ta taɓa ganin zuciya irin tawa ba, mutum ya nemi ran 'yarki amma ki ɗauki laifinsa ki ɗora wa kanki don ki rufa wa gidan mijinki asiri. Wata tsohuwa ta ce haka ake son matar aure. Na ce musu ba rufin asiri ba ne, gaskiya nake faɗa, na rantse, na ɗaga murya har mutane suka juyo. Suka riƙa shafa bayana suna cewa sun gane, in yi haƙuri, Allah zai ba ni ladan gafarar da na yi masa. A ƙarshen shekarar suka sake zaɓena magatakarda, na ƙi karɓa, suka ce tawali'u ne.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi: gaskiya tana da lokacinta, in ka bar lokacin ya wuce, ko kai da ka ƙulla ƙaryar ba ka isa ka kwance ta ba. Da na yi magana a tsakar gidan matar nan, kalma biyar ta isa. Da na yi a Lahadin farko, da na sha kunya ta wata guda, Baba kuma ya mutu da farar rigarsa. Na tsaya lissafin mutuncina har na cinye nasa. Ina roƙon masu karatu, musamman 'yan'uwana mata da ciwon yaro kan kai mu inda ba mu zata ba, in aka fara tambayarku wane ne a gida yake da wani abu na daban, ku kama bakinku. Tsoho yana iya son abin da ba ku gane ba, ya adana shi, ya ɓoye shi, ba don mugunta ba sai don shi ne ɗan abin da ya taɓa faranta masa rai. Ku kuma binciki zuciyarku, domin ba kowane abin da muke kira tsoron Allah ne tsoron Allah ba, wani tsohon haushi ne ya sami ƙofa. Wanda kuma yake da wata gaskiya da wani mai rai yake jira daga bakinsa, ya tashi ya faɗe ta yau. Ni na faɗi tawa a gaban mutum ɗari uku, da ƙarfi, da rantsuwa, amma wanda yake buƙatarta ya riga ya yi sati uku a ƙasa.